Wutsiyar Ido

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A wurinmu wannan ba abin kai ƙara ba ne, kunya ce, kuma har yabon mace ake yi a kanta. Da aka yaye ni sai aka kai ni Tibiri wurin kakata, can na yi wayo, sai da na isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka maido ni Maradi. Na tarar da wata doguwar mace marar yawan magana a gidanmu na Sabon Gari, aka ce ita ce Inna. In na shigo ta zaure, sai ta tuna da wani aiki a madafa. In za a ba ni tuwo, sai ta fuskanci bango ta ce a miƙa ma wancan. Har na yi gemu, na zama mushe, wato malamin lakwal, ina koyar da 'yan aji huɗu, na yi aure na koma unguwar Zariya, sunana a wurinta bai wuce “wancan” ba. Ranar da take cikin nishaɗi ne nake samun ƙarin girma in zama “mai lakwal”.

Autarmu, wadda ke zaune da ita tun rasuwar mahaifinmu, takan ce in daina ƙorafi, wai ba abin da ke wuce Inna a kaina, da wutsiyar ido take bina. Gaskiya ne kuma. In wuyan rigata ya yage, kafin in tashi zan ga zare da allura a kan tabarma. In na yi tari sau biyu, gobe auta za ta biyo ni da citta da zuma. Amma ni ba allura nake so ba. So nake ta ɗago kai ta dube ni fuska da fuska, ko sau ɗaya, yadda take duban auta in suna gardamar gishiri a miya. Da girmana da komai abin yana cina, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Shekarun nan ne da aka buɗe ƙofar jam'iyyu. Gari ya cika da tutoci da lasifika, kowace majalisa da rediyonta ana jiran abin da za a faɗa daga Yamai. Mu kuwa malamai yau yajin aiki, gobe a koma, jibi ɗalibai su fita nasu, har dai aka ɗaura wa aji kwaɗo shekara ta tafi a banza. Abokaina wasu suka faɗa siyasa, wasu suka kama kabu-kabu. Ni ba ni da muryar taro, kuma ban iya ɗaukar mutum a bayan babur ba. Sai na koma barcin rana, in farka in rasa hantsi ne ko la'asar.

A cikin wannan zaman ne muka kai Inna wurin likitan ido, don ta fara karo da ƙofa. Ya haska, ya auna, sannan ya ja mu gefe ni da auta. Ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce. Akwai maganin ɗigawa da zai ja lokaci, amma hasken tafiya zai yi, kuma ba daga tsakiya zai fara ba, daga gefe ne, a hankali, kamar ana tsuke bakin buhu. Auta ta yi ta tambayar yadda ake ɗiga maganin. Ni kuwa kalmar gefe ce ta tsaya mini, don a gefen nan nake zaune tun da aka haife ni. Na yi lissafina a hanya: ko dai Inna ta juyo ta dube ni da tsakiyar ido, ko kuma in zama mutum na farko da zai ɓace mata.

Ina da wata kyamara a lokacin, ta baffana ce, ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano da Kano. Ya sayo ta da wani dogon baki da ake ɗaura mata mai jawo nesa kusa, ya ba ni don in riƙa ɗaukar motocinsa kafin su kama hanya. Sau biyu na yi masa, ya gaji da abin, ya manta da ita a hannuna. Da ragowar fim ɗin na ɗauki shamuwar da ta yi sheƙa a kan tsamiyar bayan gidana, ita da 'ya'yanta uku masu wuya kamar tsinken tsire. Na riƙa ce wa mutane don darasi nake yi, tun da littafinmu cike yake da dabbobin ƙasar ƙanƙara da yaro bai taɓa gani ba. Hakan ma gaskiya ne, amma rabi.

Mai wanke mini fim wani dattijo ne mai shagon hoto a bakin titin Sabon Gari, wanda a lokacin hoton kati ya hana shi sakat, kowa na son takarda saboda zaɓe. Fim mai kala Katsina yake aika shi ta hannun direbobi, bayan kwanaki ya dawo a ambulan tare da baƙin fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa, wanda yake kira kilishe. Duk sanda ya ambaci sunan sai yawuna ya tsinke. Ya baje hotunan shamuwata a kan tebur, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu.

“Mushe, wanga tsuntsu ne ko kashin ƙuda?”

Na ji haushi, amma na tsaya, don bakinsa ne kawai ba daɗi, idonsa ba ya ƙarya. Ya ce na tsaya rana na kallona, shi ya sa komai ya yi baƙi, in bar ta a bayana. Ya ce in daina ɗauka daga tsaye kamar ɗan sanda, in sauka daidai idon dabba ko da zan kwanta da ciki. In riƙe numfashi kafin in latsa. Kada in yanke ƙafa, kada in bar reshe ya tsiro daga kan uwa. Sama da duka, ya ce hoton uwa da ɗa ba ya zama hoto sai ta dube shi ya dube ta, har a ga ɗigon haske a idonta, irin wanda ake sa wa a kalanda. Ya ce a nawa duk uwar ta kau da kai kamar an yi mata laifi. Bai san inda ya taɓa ba.

Daga shagonsa gidanmu ba nisa, kuma kullum bayan la'asar nake zuwa gaisuwa. Wurin zamana ɗaya ne, gefen Inna na dama kusa da randa. Auta ta warce ambulan tana dubawa tana dariya, sai muka ji Inna ta ce a miƙo. Ta kawo hoton kusa da fuska, ta zuba masa ido kai tsaye. Daga inda nake ina hango ƙwayar idonta tana tafiya a kan takardar da hannuna ya yi, kuma ban taɓa samun kusanci da ya kai wannan ba. Can ta miƙa wa auta.

“Wagga ɗan fari gare ta a ciki. Dubi yadda ta kau da kai.”

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Amma na gane na sami ƙofa, sai na ƙudura a raina cewa sai na kawo mata hoton uwar daji tana kallon ɗanta ido cikin ido, in ajiye a gabanta in ga abin da za ta ce.

Haka na fara tafiya Jiratawa da sassafe a kan ɗan babur ɗina mobilet. Kana fita gari sai ƙarar lasifika ta yi ta raguwa har ta zama kamar sauro a ɗaki na biyu. A can ruwa ke tafiya cikin magudanan siminti tsakanin fangalan albasa da zogale, ƙasa na fitar da tururi in rana ta taɓa ta. Wani manomi ya bar ni in kwanta a gindin zogalensa, bayan na rantse masa ni ba ɗan kowace jam'iyya ba ne kuma ba gona na zo aunawa ba. Ina kwance da ciki, raɓa na ratsa rigata, ruwan na magana ƙasa-ƙasa ba ya tsayawa. Wani lokaci sai in ga kamar fangalan ne ke tafiya ruwan na tsaye. Nakan lumshe ido in ga kakata tana wanke ni a bakin gulbi, in buɗe in ga fakara ta fito daga ciyawa da 'ya'yanta a baya, ƙanana masu zane-zane, in rasa wanne ne mafarkin a ciki. Sau da yawa sai sun wuce nake tuna akwai kyamara a hannuna.

Hotunan fakara sun fi na shamuwa, har mai shago ya ce yanzu aƙalla an san tsuntsu ne. Inna kuwa ba ta raga mini ba. Ta gaya wa auta cewa mai hoton nan ya tsorata uwar, a dubi wuyanta a miƙe kamar muciya, a dubi 'ya'yan sun cure wuri ɗaya, ai 'ya'yan da hankalinsu ke kwance warwatse suke kiwo. Ta ce wa ya aiki mutum daji da farar riga da ƙamshin sabulu, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ta ce a gaya mashi ya duba inda iska ke tafiya kafin ya zauna. Ina nan kusa da randa ana ta aiko mini da saƙo. Washegari auta ta kawo mini tsohuwar taguwar noman mahaifinmu mai launin ƙasa, ba ta ce ga wanda ya aiko ba, ni ma ban tambaya ba.

Na zama mai malamai biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma ba su taɓa yarda da juna ba. Akwai wata uwar kurege da na samu a bakin raminta, ta miƙe a kan ƙafa biyu tana hangen nesa, ɗanta na ƙasa yana wasa da ɓawon gyaɗa. Mai shago ya ɗora kwalaye biyu a kan hoton ya matse shi, ya ce duk wannan fili ɓarna ne, a sake fitar da shi daga ƙugu zuwa sama. Aka sake, ya yi tsaf. Inna ta duba ta tambayi auta ina wutsiyar. Ta ce an yanke abin da uwar ke kallo, an kuma yanke abin da take riƙe ɗan da shi, to mi ya rage? Na koma gida na ɗauko na farko. Wallahi ga wutsiyar nan a shimfiɗe a gadon bayan ɗan, ita kuma idonta na can saman gawo inda shaho ke sauka. Daga ranar na koyi barin fili a gaban fuskar uwa, kuma hotunana suka fara numfashi. Amma na ƙi karɓar sauran maganar, don ba ita nake nema ba.

Buhun kuwa sai tsukewa yake. Ta fara ture buta in tana gefenta. Ta fara juya kai gaba ɗaya in kaza ta gifta. Wata la'asar na yi sallama a hankali tana alwala ba ta ji ba, na zauna a wurina. Ta dawo ta zauna, ta jima tana jan carbi, sannan ta tambayi auta ko lafiya yau mai lakwal bai zo ba. Tsakanina da ita bai fi kamu huɗu ba. Auta ta dube ni, ta ce ai ga shi nan tun ɗazu, Inna ta ce to, ta ci gaba da jan carbinta. A zaure auta ta tsare ni ta ce don Allah in riƙa zama a gabanta. Na ce ba zan zauna ba, wuya dai nata ne, in tana son ganina ta juyo. Na faɗi haka cikin fushi, na hau mobilet na yi ta zagaya gari ban san inda za ni ba.

Sai darajar kuɗinmu sefa ta karye, fim ya yi wuyar samu, direbobin Katsina ma suka fara ƙorafin hanya. Fim guda ɗaya ya rage mini. Na ajiye shi har kaka, lokacin da jajayen birai ke fitowa ɓarnar masara a fadamar Tibiri. Kakata ta daɗe da rasuwa, amma ƙafata ba ta manta hanyoyin ba. Na sami wata kanya babba a bakin tsohon kwarin gulbi, na shiga tsakanin saiwoyinta da taguwar mahaifina, iska na busowa daga wajen gonaki zuwa fuskata yadda aka aiko mini.

Kwana biyar ina zuwa ban latsa ko sau ɗaya ba. Wurin ba ya son gaggawa. Haske na saukowa ta cikin ganye yana yawo a kan yashi, kurciya na kuka ɗaya ba ta canjawa, ƙamshin ɗanyar masara da laka na zuwa yana komawa. A can ne, ina ƙarami, nakan zauna in ƙirƙira wa kaina fuskar Inna, tun ban san ta ba, in ba ta idon wata mai tallar nono da ke yi mini murmushi. Yanzu ma da na gyangyaɗa sai fuskar nan ta dawo, ta sunkuyo kaina, in na miƙa hannu sai ta zama ganye. Biran kuma sukan wuce da hantsi, dogaye sirara, ba sa ƙara, uwaye da jarirai manne a ciki. Kowace uwa idonta na kan gona, ko kan bishiya, ko kan hanyar da mai gona zai ɓullo. Na ce a raina, kai, har ku ma?

Rana ta shida garken ya wuce, sai ga wata ita kaɗai a baya tana tafiya da ƙafa uku, hannu ɗaya na tallafe da ɗanta. Ta hau wani kututture da ruwa ya kayar, rana na bayana, ba reshe ko ɗaya tsakaninmu. Ta ciro ɗan daga ƙirjinta ta kwantar a cinya. Ta kore masa ƙuda. Sannan ta sunkuya ta zuba masa ido, ta yi ta kallonsa, ba ta waiga gona ba, ba ta waiga garke ba, ko ni da ƙarar kyamarata ba ta kula ba. Na riƙe numfashi na latsa sau huɗu. Da ta ɗauke shi ta tafi sai na ji hawaye na bin gemuna, don murna. A hanyar komawa Maradi waƙa nake yi da ƙarfi, mutanen da ke kan amalanke suna kallona.

Ranar da ambulan ya dawo, mai shago ya kori masu jiran hoton kati zuwa benci. Ya sauke tabarau ya daɗe yana duban hoton birin. Daga baya ya ce in dubi ɗigon hasken nan a idonta, in dubi yadda bayan ya narke babu hayaniya, ba a yanke ƙafa ba, ba a yanke wutsiya ba. Ya ce zai sa a fitar da babba ya kafa a gilashin shago, ya kuma jawo mini kujerarsa ya ce in zauna. Ban zauna ba, sauri nake.

Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ya fi yawa. Na ba auta, auta ta ba ta. A lokacin abin da take gani bai fi faɗin bakin kofi ba, don haka sai ta riƙa tafiyar da hoton a gaban idonta kaɗan-kaɗan, daga kan uwar zuwa kafaɗa, zuwa cinya, ta dawo. Na shirya maganata tsaf: ga dabba ma a daji tana kallon ɗanta. Inna ta sauke hoton a kan zanenta, ta fuskanci bangon tsakar gida. Da ta buɗe baki ba ta ce a gaya mashi ba.

“Ɗan ga ba shi da rai.”

Na ce barci yake.

“Dubi hannunshi. Jinjirin biri ko barci yake ba ya sakin gashin uwa tai.”

Na karɓa na duba. Hannun na reto a gefen cinyarta, yatsun a buɗe. Sai ƙudan suka dawo mini, da tafiyar ƙafa uku, da yadda garke ya bar ta a baya. Ina wurin da idona biyu da dogon bakin kyamara, ban gani ba, mai shago da tabaransa bai gani ba. Inna ta ci gaba, muryarta daidai kamar tana faɗin abin da za a dafa gobe, kuma da ni take, ba da bango ba, ko da yake bangon take kallo.

“Kana da wata takwas ƙyanda ta kama ka. Ka saki nono, ka saki zanena. Tsofaffi suka duba suka fita kiran maza. Da na ga ba kowa a ɗaki, na ɗora ka bisa cinya, na ce tun da an amshe, bari in ga abin da aka ba ni. Na ƙare maka kallo, goshi, hanci, kunne, ban bar komi ba. Sannan ka yi atishawa.”

Ta gyara bakin mayafinta.

“Tun ran nan ban ƙara ba. Kuma ba ni son in ƙara.”

Auta ta tashi ta shige ɗaki. Wata motar siyasa ta bi ta bayan gida da kiɗa, muka jira ta wuce. Na so in ce ta yafe mini, na so in ce to ai na rayu, shekara talatin da wani abu ke nan, ba ta ganin ya isa? Duka biyun suna bakina, kuma har yau ban san wanne ya fi gaskiya ba. Na mayar da hoton cikin ambulan na ce sai da safe, ta ce a gaida gida.

Na koma wa mai shago na ce kada ya fitar da babban. Ya ce da rai ko ba rai hasken ya yi kyau, wa zai sani? Na ce an riga an sani. Ya yi tsaki ya miƙo mini kilishena. Bayan wasu watanni aka buɗe lakwal, na manna fakara da kurege da shamuwa a bangon aji, yara suka yi ta gardamar wanda ya taɓa kama irinsu. Na birin yana cikin akwati, ban nuna musu ba.

Ban daina zuwa bayan la'asar ba, ban kuma canja wurin zama ba, sai dai na koyi yin sallama da ƙarfi. Maganin ɗigawa ya ja abin da zai ja. Kafin shamuwa ta dawo tsamiyar bayan gidana, hasken ya ƙare gaba ɗaya.

Ranar da na fara zuwa bayan haka, na yi sallama daga zaure na shigo. Inna na zaune a tabarmarta. Ta juyo da fuskarta duka wajen muryata, yadda marasa gani ke yi, ta sauke idanunta a kaina. A buɗe suke tar, farare da baƙi, ba abin da ya same su a ganin mai kallo. Ba ta kau da kai ba. Ta tambaye ni iyali, ta tambaye ni yara sun dawo aji da yawa, ta ce muryata kamar da mura. Idon nan na kan fuskata, daidai tsakiya, tun daga gaisuwa har aka kira magariba. Abin da na nema tun ina yaro ke nan, an kawo mini shi har inda nake zaune, kuma na san ba ta ganin komai.

Ban iya ɗauka ba, ni ne na sunkuyar da kai. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma kullum haka muke gaisawa, ita tana kallona, ni ina kallon tabarma.